Tambaya: ƙari a zuciyar jariri, bugu ya ƙi lafawa

Likitocin zuciyar yara, muna neman shawararku.

Jariri ne ɗan kwana 12 mai cutar gado ta tuberous sclerosis (wadda ke sa ƙari ya tsiro a sassan jiki daban-daban), gwaji ya nuna tangarɗar a ƙwayar halitta ta TSC2. Hoton zuciya ya nuna ƙari uku irin rabdomayoma (ƙarin tsokar zuciya wanda ba ciwon daji ba ne), babban yana cikin ɗakin ƙasa na hagu, amma bai toshe mafitar jini ba. Irinsa yakan motse da kansa a shekarun farko, don haka maganar tiyata ba ta taso ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne bugun. Yakan haura 260 a minti, yaron ya ƙi kama nono, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Allurar adenosin, 0.1 mg kan kowane kilo, tana karya saurin bugun, amma kafin awa biyu ya dawo duk da propranolol, maganin rage saurin bugun zuciya. Gwajin lantarkin zuciya (ECG) na nuna alamar WPW, wato wata hanyar lantarki ta daban a zuciya da ke jawo saurin bugu, shi ya sa aka kauce wa maganin digoksin, balle verapamil a jariri.

A ƙara amiodarone, maganin daidaita bugu, ko a fara sirolimus, maganin da ke danne garkuwar jiki, don ƙarin ya motse da wuri? In an haɗa su, amiodarone na iya ɗaga yawan sirolimus a jini. Bayan kwana nawa za a riƙa auna yawan nasa? Kuma in an fara sirolimus, har yaushe za a jinkirta rigakafin tarin fuka na BCG?