Bilidin ɗin birki: me za mu kira shi da Hausa?

Makanikai da masu mota, ku matso mu yanke wa kalmar nan hukunci. Daga Panteka har Kurmin Mashi a Kaduna "bilidin" ake cewa, wato bleeding na Turanci, amma wanda bai saba da gareji ba in ka faɗa masa sai ya yi ta kallonka.

Ga aikin da ake nufi. Mutum ya kwance kalifa (ƙarfen da ke matse birki a jikin taya) ko tiyon birki a ƙofar gida, iska ta shige layin. Man birki ba ya matsuwa, ita kuwa iska tana matsuwa, shi ya sa feda ke yin laushi. Sai ɗaya ya zauna ciki yana buga feda ya danne, ɗaya ya sassauta ɗan notin da ke jikin kalifa, mai ya feso da kumfa, a ɗaure kafin a saki ƙafa. A yawancin motoci daga tayar da ta fi nisa da masta (famfon da feda ke turawa ya aika mai zuwa tayoyi) ake farawa.

Wani ya kawo "zubar da jini", wai fassarar ke nan. Subhanallahi! Ana maganar birki, ba ma son jin wannan.

"Cire iska" ta fi, sai dai rabin jama'a wajen mai faci hankalinsu zai tafi.

Ni dai "tatsar birki" na zaɓa. Ana matsawa, yana fesowa kaɗan-kaɗan, ana tara shi a gora. Ko yaron shago da ya zo jiya zai gane.

Kuma kalmar tana raba aikin da yoyo, wanda nan ne mutane ke ruɗewa bayan gyaran gida. Buga feda a jere. In ta yi tauri ta tsaya, iska ce, tatsa take so. In ka danne ta ci gaba da nutsewa a hankali, mai kuma na sauka ƙasa da layin MIN na jikin tankin man birki, yoyo ne, ko ka wuni kana tatsa ba ka yi komai ba. Koma inda hannunka ya taɓa: notin tatsa da ba a ɗaure sosai ba, woshar tagulla biyu ta bakin tiyo da aka mayar da tsohuwa, bayan taya ko ya jiƙe. In babu ɗigo ko'ina amma feda na nutsewa, zargi robar cikin masta. Motar kuma kada ta hau titi. Wajen ƙara mai a duba murfin tankin don sanin irin man, DOT 3 ko DOT 4, ban da man inji, yana kumbura roba.

Wani Oga ya ce mini: "Alhaji, tatsa kuma? Ai masu mota dama cewa suke muna tatsarsu." Oga, Allah ya huci zuciyarka. Kawo wadda ta fi, in ba haka ba mun riƙe wannan.