Ƙarar ƙwas-ƙwas a ƙarƙashin Golf ɗina

Assalamu alaikum. Don Allah masana mota ku taimaka min.

Golf 3 ce, ƙirar 1996. A miƙaƙƙiyar kwalta lafiya lau take, amma da na karya sitiyari zan sha kwana ina taka totur, sai ƙwas-ƙwas-ƙwas daga ƙasan gaba, ɓangaren direba. In tana tsaye, tsit.

Bakanike ya ɗaure salansa, ya canza boris ɗin taya, kuɗi sun tafi, ƙara na nan daram. Jiya na leƙa, na ga robar da ke rufe kan shaf (ƙarfen da ke juya tayar gaba) ta yage, baƙin giris ya fantsama a cikin wili.

Shin daga nan ne? Canza roba da sabon giris zai wadatar, ko dole sai sabon kan shaf? Kuma za ta iya kai ni Zariya daga Kano a haka?