Littattafan fizik na kowa da kowa: ilimi ne ko talla?

Malam Bakari, Marwa: Salamu alaikum. Zan faɗa ko da za ta yi ɗaci: littattafan nan na Faransanci da ake rubuta wa jama'a kan ƙwayoyin da suka fi zarra ƙanƙanta sun sayar mana da supasimetiri kamar an gama tabbatar da ita. Ina gyaran takardun 'yan ajin ƙarshe na lise, sai ga wani yaro ya jera selektiron kusa da ilektiron da furoton, har ya ja masa layi da jan biro. Da na tambaye shi, ya zaro fotokwafin wani littafi, bugun kafin 2008. Abin da ya karanta ya rubuta. To, har yau babu wanda ya taɓa ganin selektiron.

Hawwa, Garwa: Malam, a yi mana a hankali, mu 'yan asibiti ne. Mece ce ita?

Malam Bakari: Ƙanwata, hasashe ne. Wai kowace ƙwaya da muka sani tana da abokiyar zama da ba a gano ba: ilektiron da selektiron, kwak (ƙwayar da ke cikin furoton) da sikwak. Masana biyu, Wess da Zumino, suka fito da lissafin a 1974. Da nauyinsu ɗaya da ƙwayoyin da muka sani, da tuni an gan su. Sai aka ce ai sun fi nauyi, a jira babban inji.

Injiniya Musa, Njamena: Malam, ban yarda da kalmar talla ba. Masanin fizik Pauli ya yi hasashen wata ƙwaya mai suna niyutirino a 1930, ba a kama ta ba sai 1956. Higgs ya yi nasa a 1964, sai 4 ga Yulin 2012 CERN, cibiyar binciken ƙwayoyi ta Turai, ta sanar an gano ƙwayar. Shekara 48! Da marubutan wancan zamani sun yi shiru, wa zai san abin da ake nema?

Malam Bakari: Injiniya, ƙwayar Higgs an san iyakar nauyin da za a neme ta. Da injin bai same ta ba, da maganar ta mutu. Ita kuwa supasimetiri, duk lokacin da ba a gani ba sai a ƙara mata nauyi. Injin LHC da ke kusa da Janeba, mai zagayen kilomita 27, a ƙarshen 2009 ya fara gwara furoton da furoton, an ƙara masa ƙarfi a 2015, an sake ƙarawa a 2022. A mafi sauƙin tsarin lissafin, an riga an kore cewa guluwino, ɗaya daga cikin abokan zaman da ake nema, na ƙasa da nauyin furoton 2,000. Wannan cinikin biri a sama ne.

Injiniya Musa: Amma ba don kwalliya aka riƙe ta ba. Ta ba da dalilin da ya sa ƙwayar Higgs ba ta yi nauyin fitar hankali ba, ta kuma kawo ƙwayar da za ta iya zama ɓoyayyen abin nan da ke riƙe tarin taurari, wanda ya fi duk abin da muke gani yawa wajen ninki biyar.

Alhaji Sali, Kusiri: Ku dai yara. Su kansu masanan ai caca suka yi a kai. A 2016 a Kopenhagen aka warware ta, waɗanda suka ce za a gani suka faɗi, suka biya da kwalaben giya.

Hawwa: Subhanallahi, Baba, caca da giya a zama ɗaya?

Alhaji Sali: 'Yata, ni labari na kawo. Amma kin ga su sun san ba tabbas. Mai karatu a Kusiri ne bai sani ba.

Injiniya Musa: Nan kam Alhaji ya taɓo wurin. Sai dai laifin bai tsaya kan marubuci ba. Littafin da ke isowa gare mu ya tsufa kafin ya iso, an cire bangon, an kwafe kwafin kwafi, shekarar bugu ma ba ta fita.

Malam Bakari: Ko sabo ne, ka duba yadda suke yi. "Wataƙila" ɗaya a farkon babi, sannan shafi talatin na zane masu launi da sunaye masu daɗin faɗi. Yaro ɗan shekara 17 wanne zai riƙe?

Hawwa: To ɗana na neman irin littafin. In hana shi?

Malam Bakari: Kar ki hana. Babin kwak da Higgs lafiya lau suke. Ki turo mini hoton jerin babukan, in yi miki alama kan waɗanda ba a tabbatar ba.

Injiniya Musa: Ki turo mini ni ma, kar Malam ya soke rabin littafin.