Muna sare wannan ciyawar tana dawowa, ina mafita?

Ɗan Mando:
Assalamu alaikum. Mu goma sha biyu ne, muna aikin sa kai duk Asabar a gefen gandun dajin Afaka da ke Kaduna. A watan Yuni muka dasa madaci da ɗorawa guda tamanin. Abin da ya hana mu sakat wata doguwar ciyawa ce mai fure ruwan ƙwai, ganyenta ɗaci kamar me. Mun sare ta da adda a Agusta, hannuna har ya yi kanta. Jiya na koma, wallahi ta kai min ƙirji, sai da na durƙusa ina buɗa ganye kafin na gano wani ɗan madaci ya yi fari fat don rashin rana. Raina ya ɓaci. Mu banka mata wuta ne in rani ya shigo?

Baba Mai Gandu:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kul! Wutar dashenku za ta fara cinyewa, ita kuwa saiwarta na ƙasa lafiya lau. Titoniya ce, asalinta daga Meziko, ita ce ka ke gani jere a bakin hanyar Abuja. Sara ba ya kashe ta, aski kawai kuka yi mata. Ku samo diga ku tumɓuke kututturen tun ƙasa na da laima, kafin ta yi fure wajen Oktoba zuwa Nuwamba ta zubar da iri. Karan kuma kada ku yar a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kamawa yake yi. Ku ɗora shi kan dutse ya bushe. Ganyen dai taki ne mai kyau, ku zuba a gindin dashen.

Maman Hanifa:
Ƙarin bayani kan na Baba: ku lura da tohon doka da marke da ke fitowa daga tsofaffin kututture, kada ku haɗa da su. Mutanen Maraɗi sun farfaɗo da gonakinsu da haka tun shekarun 1980, ana barin reshe biyu ko uku masu ƙarfi a rage sauran. Ya fi dashe saurin girma, ba ya kuma neman ban ruwa.

Ɗan Mando:
Kai, Hajiya, ashe mun yi ɓarna. Na tuna mun sare irin wannan tohon da yawa.

Baba Mai Gandu:
Zai sake fitowa in sha Allah. Ku tafi da malamin daji ya nuna muku, ku sa takalmin roba saboda maciji, kuma ku baro dajin kafin La'asar.