Aikin kwastoman ɓoye daga gida: waɗanda suka taɓa yi, ku faɗa mana yadda kuka fara

Ɗaliba, Dang, Ngaundere
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina neman waɗanda suka yi aikin nan da hannunsu, wanda ake ce wa client mystère. Kamfani ya sa ka ka kira layin ma'aikatansa, ko ka yi musu magana ta shafinsu kamar mai son saye, daga baya ka rubuta yadda aka karɓe ka. An ce waya da intanet kawai ake bukata. Karatu nake yi a jami'a, kuɗin haya ya sha mini kai. Ta ina ake farawa, kuma da gaske ana biya?

Mai shagon waya, Domayo, Marwa
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ana biya, amma kada ki sa ran albashi. Ni da jerin kamfanonin ƙungiyar MSPA na fara, wato ƙungiyar masu wannan sana'a, tana da reshen Turai da Afirka. Daga nan na bi shafin kowane kamfani na yi rajista, kuma babu wanda ya karɓi ko dala a hannuna. Abin da ya sanyaya mini gwiwa shi ne yawancin ayyukan na mazauna Faransa ne ko Amurka, na Amurka ma sai sun nemi lambar harajin ƙasarsu. Namu jefi-jefi yake zuwa, sai a yi makonni shiru. Ki riƙa yin lissafi kafin ki karɓa: yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi, don haka aikin yuro 5 bai wuce sefa 3,280 ba, kuma a ciki za ki cire kuɗin kati da na data.

Malamar makaranta, Rumde Ajiya, Garwa
'Yata, kiran ba shi ne aikin ba, rahoton ne aikin. Za a turo miki takardar umarni mai ɗauke da labarin da za ki zo da shi da tambayoyin da dole ki yi. Ki karanta ta har ta zauna miki, don idan kika tsallake tambaya ɗaya suna iya ƙin karɓar aikin gaba ɗaya. Ni kafin in danna kira ina da takarda da biro a gabana. Ƙarfe nawa na kira, sau nawa wayar ta yi ƙara, minti nawa aka bar ni ina jira, ya gaishe ni ko bai gaishe ni ba, ya faɗi sunansa, da waɗanne kalmomi ya yi sallama. Idan hirar rubutu ce, ina ɗaukar hoton kowane shafi. "Ya yi kirki" ba rahoto ba ne a wurinsu. Rubutawa za ki yi ya ce kaza, na ce kaza, ya ba ni farashi ba tare da na sake tambaya ba.

Kuma ki shigar da rahoton a ranar, tun abin yana kanki, don wa'adinsu gajere ne. Mai tace rahoton a kamfanin yakan dawo da tambaya, ki amsa da wuri. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ya kai maƙura wuta kuma tana yawan ɗaukewa, ba na karɓar aiki sai waya da batirin ajiya sun cika. Sai ki kula da agogo: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Paris tana gabanmu da awa ɗaya, sauran watanni lokacinmu ɗaya.

Direban mota, Kuseri
Ni gargaɗi na zo da shi. An turo mini saƙo ta WhatsApp wai an zaɓe ni, alhali ban nemi aiki a wurinsu ba, in biya sefa 10,000 na buɗe fayil. Da na ƙi, sai suka sauya salo, wai za su sa mini kuɗi a waya in tura wa wani don a gwada wurin aika kuɗi, in riƙe kasona. Saƙon shigar kuɗi ya zo, na duba asusuna babu komai. A Amurka da cekin bogi ake yin wannan, hukumarsu ta kare masu saye, FTC, ta daɗe tana jan kunne a kai. Maƙwabcina ya tura musu, kuɗin da ya tara ne na sayen buhun gero, har yau raina yana ɓaci idan na tuna. Duk wanda ya ce ki biya, ko ki tura kuɗi, ko ki ba shi lambar sirrinki ta Orange Money ko MoMo, ki toshe shi nan take.

Akawu, Mursal, Injamina
Gaskiya ne yaya. Abin da zan ƙara shi ne hanyar karɓar kuɗi, a tambaya tun kafin a fara. Kamfanoni da yawa ta PayPal suke biya, mu kuwa a Chadi da Kamaru asusunsa na aikawa ne, ba ya karɓa. Ni sai na ga akwai Payoneer, wata hanyar karɓar kuɗi ta intanet, ko turawa ta banki nake amsa aiki, kuma kuɗin yakan ɗauki makonni. Kada ki ɓoye ƙasarki da VPN, manhajar da ke nuna kamar kina wata ƙasa, ranar biya za a nemi katin shaida. A bayananki ki rubuta duk harshen da kike ji. Aikin da ya fi yi mini daɗi na same shi ne don ina jin Larabcin Chadi da Hausa ban da Faransanci.

Dattijo, Garwa
'Ya'yana, abu ɗaya ke damuna. Wanda kuke kira ɗin nan ɗan wani ne, da aikin yake ci da iyalinsa. Kun zo masa a matsayin masu saye alhali ba ku ba ne, rahotonku kuma yana iya jawo masa kora. Kun yi tunanin wannan?

Malamar makaranta, Rumde Ajiya, Garwa
Baba, wallahi ya daɗe yana cina. Kamfanin da ya ɗauke shi ne ke neman a duba, kuma a ƙa'idar sana'ar ana sanar da ma'aikata cewa irin wannan kira zai riƙa zuwa. Duk da haka na sa wa kaina iyaka. Ba na karɓar labarin da zai sa in ce ina da rashin lafiya ko an yi mini rasuwa. Ba na tsokanar mutum don in samu abin rubutawa. Idan layi ne ya lalace, ina rubuta cewa layi ne, ba shi ba. Idan ya kyauta kuma, ina faɗa dalla-dalla, don wannan ma hakkinsa ne.

Ɗaliba, Dang, Ngaundere
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Zan fara rajistar bayan jarrabawa in sha Allah. Yaya na Injamina, wajen buɗe Payoneer ɗin katin ɗan ƙasa ya isa, ko sai da fasfo?