Yaya zan kare injin AC na waje daga iskar damina?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A Hotoro nake a Kano, injin AC ɗina na waje yana maƙale a bangon gabas, inda hadari ke fara bugowa. Bara iskar farkon damina ta ɓalle fallen kwano, ya daki injin, bututu ya tsage, gas ya tsiyaye. Na sha kashe kuɗi kafin ya dawo daidai.

Mai walda ya ce a yi masa keji da 'yar rumfa. Mai gyara kuwa ya ce in aka matse shi ba zai fitar da zafi ba, kwamfireso zai ƙone. Don Allah wanda ya taɓa yi, tazara nawa ake bari? In na mayar da shi bangon yamma kuma, ga ranar la'asar. Mayu ta ƙarato, hankalina bai kwanta ba.