Idan teku ta cinye ƙasa, ƙabilar ta mutu ke nan?

Baban Ummi: Jama'a ku ji wannan. Tubalu wata 'yar ƙasa ce a tekun Pasifik, mutanenta wajen dubu 11 ne kacal, ko Fagge ta fi su yawa nesa ba kusa ba, kuma tudun da ya fi tsawo a can bai kai mita 5 ba, ga ruwa sai hawa yake. A 2023 suka ƙulla yarjejeniya da Ostireliya za ta riƙa karɓar mutum 280 duk shekara. Ni dai na ce ranar da suka gama kwashewa ƙabilar ta mutu, sai dai suna.

Maman Khalifa: Haba Alhaji, mutuwa kamar ya? Hausawan Zangon Kumasi fa, da na Maiwurno a Sudan? Shekara nawa rabonsu da gida amma har gobe Hausa suke yi tuwo suke ci.

Baban Ummi: Hajiya su ai Kano na nan Sakkwato na nan, duk ranar da suka ga dama sai su kamo hanya. Waɗannan ina za su koma? Ko kabarin kakanninsu ruwa zai shanye.

Ɗan Ƙofar Mata: Ina bayan Alhaji wallahi. Akwai abincinsu da suke cewa fulaka, kamar gwaza yake, a rami ake shuka shi, yanzu ruwan gishiri na ɓullowa ta ƙasa yana kashe shi. Mu ma in aka cike mana rijiyoyin marina aka ce mu je mu yi rini a bokiti ai sana'ar ta tashi ko da muna raye, to yaron da ya girma a Ostireliya wa zai nuna masa yadda ake haƙa ramin?

Malama: Amma su kansu ba su yarda sun mutu ba fa. A 2021 ministansu Simon Kofe ya yi wa taron yanayi na duniya jawabi yana tsaye cikin teku ruwa har gwiwa, da kwat ɗinsa, kuma a 2023 suka sa a kundin tsarin mulkinsu cewa ƙasarsu na nan daram ko da ruwa ya rufe ta.

Baban Ummi: Takarda ce Malama, ba a shuka gwaza a kanta.

Maman Khalifa: To ai ko nan da ba teku, badala zaizayewa take a gabanmu, 'ya'yana ko Dala ba su taɓa hawa ba, sai ka ce su ba Kanawa ba ne?

Baban Ummi: Kai su ran Asabar Hajiya, ai ita Dalar tana nan.